Juya ganyen kafin ka ɗauki injin feshi

Wallahi maganar lambun ƙanena ta ishe ni. Ganyen tumatirinsa ne ya nannaɗe, ga kuma inda aka kwana: feshi huɗu cikin kwana 12, akuya guda ta tafi a kuɗin magani, tumatir kuma yana nan a ƙudundune kamar tsohuwar da sanyin hunturu ya kama. Jiya kuma mai shagon maganin feshi ya sake ce masa wata sabuwar kwalba ta iso, wai ita ce ƙarshe. Ƙarshen me? Ƙarshen awakin gidanmu dai.

Mutumin nan ko hanyar lambun bai sani ba. Ganye ɗaya aka tsinko aka kai masa a leda, ya leƙa daga bayan kanta, ya miƙo kwalba. Sannu likita! Ko boka yakan tambayi sunan uwa kafin ya ba da magani.

Jama'a, nannaɗewar ganyen tumatir ba cuta ɗaya ba ce. Alama ce kawai, kamar ciwon kai a jikin mutum: wani yunwa ce ta kawo masa, wani zazzaɓin cizon sauro, wani bashi. Don haka ka tsuguna ka juya ganyen ka duba tukuna.

Idan tsofaffin ganyen ƙasa ne suka naɗe sama, suka yi kauri, amma suna nan kore shar, shukar na fure tana 'ya'ya, to ba ciwo ba ne. Zafin rana ne da iska mai bushewa, ko ban ruwan da ba shi da tsari, yau ka cika kwami ya yi tafki, sai bayan kwana biyar ka waiwaye shi. Wani lokacin kuma yuriya ce ka zuba fiye da ƙima. Shukar ta naɗe ganyenta ne don ta rage ruwan da take asara. Daidaita ban ruwa, shimfiɗa ƙaiƙayi ko tattakar shinkafa a gindinta, ka tafi gida ka kwanta. Ba a fesa wa ƙishirwa magani.

Idan sabon toho ne ya murɗe, ganyen ya sirance kamar igiya, reshen ya lanƙwashe, tambayi kanka me aka zuba a injin feshin nan kafin ya zo hannunka. Tumatir ba ya jure ko ƙamshin 2,4-D, maganin ciyawar da ake fesa wa shinkafa da masara. Ragowar da ta maƙale a tanki ta isa, iskar da ta kwaso daga gonar maƙwabci ma ta isa. Wato feshin ne ya kawo ciwon, kai kuma ka koma neman waraka wajen feshi.

Na ƙanena kuwa ba ko ɗaya daga cikin waɗannan ba ne. Da na je, girgiza shuka ɗaya kawai na yi, sai ga farin ƙuda ya tashi kamar an busa toka. Ganyen sama sun ƙanƙance, sun lotsa kamar cokali, bakinsu ya yi ɗorawa, shukar ta tsumbure, furen na zubewa. Wannan ita ce cutar da ake rubutawa TYLCV a takardar iri, ƙwayar cuta ce ta bairos, kuma farin ƙudan nan ne ke ɗaukarta daga shuka zuwa shuka idan yana tsotsar ruwan ganye. Alamarta ba ta fitowa sai bayan kamar mako biyu zuwa uku da shigarta. Ma'ana, ranar da ka ga ganye ya naɗe, aikin gama ya riga ya gama tun tuni, wataƙila ma tun a gadon reno.

Ku rubuta wannan ku ajiye: shukar da bairos ya shiga ba ta warkewa. Babu kwalbar da ke fitar da shi, ko daga Sin aka kawo ta ko daga Jamus. Duk wanda ya sayar maka da "maganin nannaɗewa" don ya miƙar da wannan ganyen, aljihunka ya miƙar.

Na san wani zai ce, ai ni na fesa kuma ya warke. Malam, naka zafi ne, gari ya yi sanyi ya saki, kwalba ta karɓi yabo. Wani kuma zai ce malaman gona ba sa zuwa. Gaskiya ne, ba sa zuwa. Amma juya ganye sai da malamin gona? Idonka ma na gwamnati ne?

Ba wai ban san tsoron da ke ran manomi ba. Na sani. Wanda ya ga 2016, shekarar da tsutsar tumatir da ake kira Sharon ta share lambunan Kadawa da Kura da Bunkure a jihar Kano, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, ba zai ƙara ganin ganye ya canza ya yi barci ba. Mutane sun ci bashi sun yi dashe, suka wayi gari ba ko kwando ɗaya. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma Sharon cikin ganye take shiga tana ci, ta bar farin tabo, ta huda 'ya'yan. Ba ita ba ce wannan, kuma tsoro ba ya mai da kwalba magani.

Abin da na sa ƙanena ya yi, yana ƙunƙuni: ya tumɓuke waɗanda suka kamu, ya cusa su a buhu nan take don ƙudan kada ya watse, ya binne nesa da lambu. Ya ce asara ce. Na ce asarar ta riga ta faru, yanzu sauran muke ceto. Ya nome ciyawar gefen kwami. Muka rataye robobi ruwan ɗorawa da aka shafa wa baƙin mai, don launin na jan ƙudan ya maƙale. Feshin da zai yi kuma na rage ƙuda ne, ruwan 'ya'yan darbejiya da ɗan sabulu, da yamma, a ƙarƙashin ganye inda suke zaune, ba a sama ba kamar mai yayyafa wa tsakar gida ruwa. In za a sa na kanti, kada a nace wa iri ɗaya, domin farin ƙuda ya shahara wajen sabawa da guba.

Baɗi kuma tun daga reno za a fara. A nemi irin da aka rubuta yana jure TYLCV, a rufe gadon da raga mai ƙananan idanu, domin gidan sauron ɗaki idonsa ya yi wa wannan ƙudan faɗi. Kada a kafa reno kusa da tsohon tumatir, ko kuɓewa, ko auduga. Duk wannan bai kai kuɗin akuya ba.

Af, tunda maganar injin feshi ta taso: bawan Allahn da ya ari nawa tun kafin babbar salla, na ga kana karanta duk abin da na rubuta. Ka dawo min da shi, a wanke, kuma da bakinsa na asali, ba irin na bara da ka ɗaure min da leda ba.