Kafin Kenya, akwai Gadabeji: yadda mutumin Maraɗi zai tsara zuwa kallon namun daji

Kalmar safari da kamfanonin yawon buɗe ido ke tallatawa ba baƙuwa ba ce a kunnen Bahaushe. Daga Swahili ta shiga duniya, Swahili kuma ya aro ta daga Larabci, daga tushen da ya ba mu safara. Bambancin shi ne mai safara yana tafiya ya sayo kaya, mai safari kuwa yana biyan kuɗi ne ya je ya kalli giwa da zaki, ya dawo hannu rabbana. Shi ya sa idan aka ta da zancen a majalisa, a unguwar Zariya ko ta Sabon Gari a nan Maraɗi, ba a rasa mai cewa aikin Turawa ne da waɗanda kuɗi ya yi wa yawa.

Ban yarda ba. Yaron Maraɗi ya san zaki manyan dawa, ya san giwa karya itace, ya san dila malamin daji, duk a tatsuniya da kirari, amma bai taɓa ganin ko ɗaya yana yawo a sake ba. Dattawan Madarunfa kuwa suna tuna lokacin da giwaye ke shigowa dajin Baban Rafi. Zuwa ganin abin da ya rage ba almubazzaranci ba ne. Inda ake yin almubazzarancin shi ne a wajen tsari: mutum ya zuba kuɗin da zai sayi fili, ya tafi Gabashin Afirka a watan da bai dace ba, ya kwana biyu, ya dawo da hoton ciyawa. Abin da ake saye a wannan tafiya lokaci ne, wato wane wata, wace sa'a, da kwana nawa. Wannan darasi kuwa gara a koye shi kusa da gida, inda kuskure ba ya da tsada.

A cikin jiharmu akwai gandun dajin Gadabeji, arewa da Dakoro, a yankin Bermo. Tun 1955 aka keɓe shi, faɗinsa kadada 76,000, kuma a 2017 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi cikin jerin yankunan da ake kare halittunsu tare da mutanen da ke rayuwa a kewaye. Raƙumin dawa ya ɓace daga can tun zamanin farin shekarun 1970. A 2018 aka ɗauko guda 8 daga yankin Kure, aka yi tafiyar fiye da kilomita 800 da su a babbar mota, aka sake su a Gadabeji, daga baya aka ƙaro wasu. Wannan irin raƙumin dawa, mai hasken fata, babu shi a sake ko'ina a duniya sai Nijar. A tsakiyar shekarun 1990 guda 49 kacal suka rage, amma zuwa lokacin da aka yi wancan jigila sun haura 600. Mai kuɗin da ya je Kenya zai ga raƙuman dawa da yawa, sai dai ba wannan ba.

Kada a yi wa kowa ƙarya: Gadabeji ba wurin zaki da giwa ba ne. Sahel ne, abin da ake nema shi ne raƙumin dawa, barewa, jan biri, dila, tuji da ungulaye. Kuma ba wurin da ake faɗawa haka kawai ba ne. Ana fara neman izini da bayanin halin tsaro a wajen jami'an gandun daji, a ɗauki ɗaya daga cikinsu ya yi jagora, domin dabbobi 'yan kaɗan a cikin kadada 76,000 sai wanda ya san inda suka kwana jiya. Bayan Dakoro tafiyar ta rairayi ce. Mota kat-kat biyu ake so, ba ɗaya ba, da tayar ko-ta-kwana biyu, da shebur, da igiyar ja, da famfon iska. Abin da ya fi kafe mota a yashi shi ne taya mai iska tam da direba mai taka totur idan ta fara nutsewa: kowane juyi rami yake ƙara haƙawa. A rage iska zuwa wajen bar 1.5 a ma'aunin iskar taya kafin a shiga yashi, a mayar da ita idan an hau ƙasa mai tauri, in ba haka ba tayar ta yi zafi ta fashe. Ruwan sha a lissafa lita 5 ga kowane mutum a yini, a ƙara jarka guda ta ko-ta-kwana. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacin da jiki zai iya ɗauka. A Afrilu da Mayu, mutum da dabba duk inuwa suke nema.

Su Kure ɗin kansu a kan hanyarmu ta zuwa Yamai suke, kamar kilomita 60 kafin a shiga birnin. Da damina raƙuman na hawa tudun Kure, da rani su gangara kwarin Dallol Bosso. Amma ranar 9 ga Agusta 2020 'yan bindiga sun kashe mutum 8 a can, Faransawa 6 da direbansu da jagoransu 'yan Nijar, kuma tun daga nan ziyara ta ja baya. Gandun W, wanda shi ne ke da giwa da ɓauna da zaki a ƙasarmu, yana cikin yankin da tsaro ya taɓarɓare. Duk wanda ya ce zai kai ka waɗannan wurare ba da sanin hukuma ba, ka bar shi ya tafi shi kaɗai.

Mai son giwa, abin da ya fi masa kusa shi ne Yankari a jihar Bauchi: Maraɗi, Ɗan Isa, Jibiya, Katsina, Kano, Bauchi, sannan kusan kilomita 110 zuwa sansanin Wikki. Da rana kawai ake yin tafiyar, a raba ta biyu a kwana Kano, a kuma tambayi halin iyaka da na hanyar Jibiya a satin da za a tashi. An keɓe dajin a 1956, aka buɗe wa baƙi a 1962, faɗinsa murabba'in kilomita 2,244. Yana da ɗaya daga cikin manyan garkunan giwa da suka rage wa Najeriya, ga ɓauna, gwanki, kanki, gwambaza, mugun dawa da dorina. Zaki ya yi ƙaranci ƙwarai, kada a sa rai.

A nan ne maganar wata take fitowa fili. Da damina da kaka ciyawa ta fi mutum tsawo, ruwa yana ko'ina, dabbobi sun watsu. Daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu tafkuna sun ƙafe, ganye ya zube, ƙishirwa ta tattaro kowa bakin kogin Gaji. Daji ɗaya ne, kuɗin shiga ɗaya ne, amma wanda ya je a Satumba da wanda ya je a Maris kamar ƙasashe biyu suka je. Haka ma sa'a. Ana fita da sassafe, daga ƙarfe 6 zuwa wajen 10, a sake fita bayan la'asar har faɗuwar rana. Wanda ya tsaya sai ya karya kumallo a natse ya fita da hantsi, zafi kawai ya je sha. Tsakar rana ta maɓulɓular Wikki ce, wadda ruwanta ke kan digiri 31 rani da damina. Gargaɗi ɗaya game da sansanin: gwaggon biri sun saba da mutane, sun san leda, sun san ƙofar da ba a kulle ba. Kada a riƙe abinci a fili, kada a miƙa musu komai, domin birin da ya saba karɓa shi ne yake komawa ƙwace da cizo.

To, wanda ya yi waɗannan ya ce sai ya ga Gabashin Afirka, yana da gaskiya, domin abin da ke can babu kamarsa. Tsakanin Serengeti a Tanzaniya, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 14,750, da Masai Mara a Kenya, mai kusan 1,500, wata dabba mai gemu da ƙirar saniya, wadda Swahili ke kira nyumbu, tana zagaye shekara guda cur tana bin ruwan sama. Sun haura miliyan guda, tare da jakunan dawa da barewa. Makiyayin Dakoro zai gane abin nan take, mashekari ne da cin rani, sai dai babu mai sanda a baya. Daga ƙarshen Janairu zuwa Maris suna kudancin Serengeti suna haihuwa, zaki da kura na biye. Daga Yuli zuwa Oktoba suna arewa, suna tsallaka kogin Mara inda kadoji ke jira. Daga Maris zuwa Mayu babbar damina ce, hanyoyi sun zama taɓo, farashi ya faɗi. Kuskuren da aka fi yi shi ne a kama masauki a kudu cikin Agusta saboda arha, alhali garken yana ɗaruruwan kilomita a arewa. Kuma babu kamfanin da zai iya yi maka alkawarin ganin tsallaken kogi. Garke na iya tsayawa a gaɓa awa uku ya juya. Shi ya sa kwana 4 a tanti mai sauƙin kuɗi ya fi kwana 2 a otel mai wurin iyo.

A yi lissafi da idon basira. Tun 2024 baƙo daga waje yana biyan dalar Amurka 100 a yini don shiga Masai Mara daga Janairu zuwa Yuni, 200 daga Yuli zuwa Disamba. Dalar Amurka 200 ta haura jika 100 na sefa, ga mutum ɗaya, a yini ɗaya, ban da mota da makwanci da abinci. Saboda haka kafin a tura sisi a nemi a rubuce: farashin ya haɗa da kuɗin shiga? Mutum nawa ne a motar, kowa yana da taga? Masaukin a cikin gandun yake ko a waje? Na waje ya fi arha, amma layin ƙofa yakan cinye sa'ar farko ta safiya, wadda ita aka zo nema. Kada a biya duka gaba ɗaya, kada a tura wa asusun mutum ɗaya da aka haɗu da shi a Facebook.

Jirgi ana samunsa daga Yamai ko Kano ta Addis Ababa. Maganar biza a gama ta tun daga gida, makonni kafin tashi, kada a dogara da samu a filin jirgi, musamman ta Tanzaniya. Katin rigakafin shawara ya kasance tare da fasfo. A ga likita kan maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro. Kenya ta hana leda tun 2017, Tanzaniya tun 2019, don haka kilishi da ƙuli-ƙulin guzuri ma, idan an bari a shiga da su, a nemo musu wani mazubi. Ƙananan jiragen da ke sauka cikin daji kilo 15 suke yarda da shi, a jaka mai laushi, ba akwati ba.

Sutura ma tana da magana. Ƙudan tsando yana bin shuɗi da baƙi, don haka shaddar nan mai ruwan bula a bar ta a gida, a sa ruwan ƙasa ko ruwan toka. Kada a ce mu 'yan zafi ne a ƙi ɗaukar rigar sanyi: Mara tana sama da mita 1,500, bakin ramin Ngorongoro da ke Tanzaniya ya haura 2,000, asubarsu a buɗaɗɗiyar mota ta kai ta hunturunmu. Na'urar hangen nesa mai lamba 8x42 ta fi sabuwar waya amfani, domin damisa a kan reshe a nisan mita 100 ɗigo ce kawai a hoton salula. Abincin halal a faɗe shi tun wajen ajiye wuri. Salla kuwa tsarin fitar ya zo daidai da ita, azahar a sansani, la'asar kafin a fita. Ranar da za a yini a daji a gaya wa direba tun da safe, domin ba ko'ina aka yarda a sauka ba, sai wuraren da aka keɓe.

Dokar zama cikin mota tana da dalili. Zaki yana kallon mota da mutanenta a matsayin abu ɗaya babba da ya saba da shi. Da zarar wani ya miƙe ya leƙo rabin jiki ko ya sauka, siffar mutum ta fito. Giwa takan yi gargaɗi: ta baza kunne, ta kaɗa kai, ta yi kuwwa. Idan ta manne kunnuwa, ta naɗe hanci ƙasa ta taho shiru, ba wasa take ba. Uwa mai ɗa da toron da ruwa ke tsiyaya a gefen idonsa, a ba su hanya tun daga nesa, kuma kada a matsa wa direba ya kutsa don hoto. Dorina, wadda ake rainawa saboda ƙiba, da dare take fitowa kiwo, kuma duk wanda ya tsaya tsakaninta da ruwa ya tare mata hanyar gudu. A sansanin da ba shi da shinge, bayan magariba ba a fita daga tanti sai an kira mai gadi ya zo da tocila.