Hular Kwanon Kofur Dunham

Ranar 14 ga Afrilun 2004, a garin Karabila da ke yammacin Iraƙi, dab da iyakar Siriya, wani kofur ɗan shekara 22 mai suna Jason Dunham ya kifa hular kwanonsa a kan gurnetin da ke shirin tashi, sannan ya danne ta da jikinsa. Na san akwai masu karatu da za su ce ina ruwanmu da sojan Amurka da ya je ƙasar Musulmi da bindiga, kuma ba na ganin laifinsu, domin ni ma ina cikin waɗanda suka kwana da rediyo a kunne a watan Maris na 2003, muna jin yadda ake ruwan bama-bamai a Bagadaza, zuciyarmu na tafasa. Har yau ra'ayina kan wancan yaƙi bai sauya ba. Amma shekaru sun koya mini cewa wanda ya kunna wuta daban, wanda aka tura cikinta daban, kuma labarin wannan yaro ya fi kowane jawabi nuna haka.

An haife shi ranar 10 ga Nuwamban 1981 a Scio, wani ɗan ƙaramin gari a karkarar jihar New York. Wannan rana ita ce kuma ranar da rundunar Marin, wato sojojin kundumbalar Amurka da ke yaƙi a ruwa da tudu, take bikin kafuwarta tun daga 1775. Yana gama sakandare a 2000 ya shiga soja, lokacin da babu wanda ke maganar mamaye Iraƙi, kuma shekarunsa na farko ya yi su ne yana gadi a wani sansanin jiragen ƙarƙashin teku a jihar Jojiya. Wa'adin aikinsa ya kusa cika lokacin da aka tura bataliyarsa Iraƙi, sai ya nemi a ƙara masa watanni domin kada ya dawo gida ya bar yaran da ke ƙarƙashinsa a fagen daga. Da ya yi shiru ya bar takarda ta yi aikinta, babu wanda zai kira shi matsoraci.

A ranar da abin ya faru, an yi wa ayarin motocin kwamandan bataliyarsu kwanton ɓauna, shi kuma da ƙaramar tawagarsa suka nufi wurin da suka ji harbi. Suka tarar da jerin motoci na neman ficewa daga unguwar, suka tsayar da su domin bincike. Da ya isa kan wata farar Land Cruiser, sai wani mutum ya yi tsalle daga ciki ya shaƙo shi, suka kama kokawa har ƙasa. Sojoji biyu suka rugo taimako, shi kuwa ya daka musu tsawa cewa su lura da hannun mutumin. Gurneti ne a hannun, kuma ya riga ya sake shi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, 'yan makonni kafin wannan rana, Dunham ya yi musu da abokan aikinsa a kan ko hular kwano za ta iya shanye ƙarfin gurneti idan aka kifa ta a kai. Irin hirar nan ce ta samari masu zaman jiran abin da ba su san ranar zuwansa ba, wasu suka ce zai yiwu, wasu suka ce mafarki ne. Wato ke nan yaron ya riga ya auna abin a zuciyarsa, ya san irin cinikin da zai yi idan ranar ta zo. Hular ta tarwatse ta zama tsumma, sojojin nan biyu suka ji raunuka amma suka rayu, shi kuma ɓaraguzai suka shige masa kai. Aka ɗauke shi zuwa Bagadaza, daga nan Jamus, daga nan asibitin sojan ruwa na Bethesda kusa da Washington. Bai farfaɗo ba. Ranar 22 ga Afrilu, bayan likitoci sun shaida wa iyayensa cewa babu sauran fata, aka cire masa na'urar numfashi suna tsaye a kansa.

Namijin duniya ne, wannan ba abin musu ba ne, kuma duk al'ummar da ta san darajar amana za ta gane shi ko da ba ta jin harshensa. Inda nake da magana shi ne yadda masu mulki suke ɗaukar irin wannan jarumtaka su yi wa kansu mayafi da ita. Shugaba George Bush ya miƙa wa iyayensa lambar yabo mafi girma ta sojan Amurka a fadar White House ranar 11 ga Janairun 2007, kuma shi ne sojan Marin na farko da ya same ta tun bayan yaƙin Biyetnam. Daren da ya gabaci wannan biki, shi dai wannan shugaba ya fito a talabijin ya sanar da cewa zai ƙara tura sojoji fiye da 20,000 zuwa Iraƙi. Jiya an buɗe ƙofar tura wasu 'ya'yan, yau ana share wa uwar wani hawaye a gaban kyamara. Ban ce hawayen da aka zubar a fadar ba na gaskiya ba ne, amma dai wanda ya yi shuka shi ya kamata a tambaya game da abin da ya tsiro.

To, me ya kai shi Karabila? An ce Saddam Husaini yana ɓoye da makaman ƙare dangi. Colin Powell, sakataren harkokin wajen Amurka na lokacin, ya zauna a gaban Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya a watan Fabrairun 2003 yana nuna hotuna da zane-zane. Watanni kaɗan bayan an binne Dunham, masu binciken da Amurka da kanta ta tura suka ba da rahoton cewa ba su samu tarin makaman ba, Kofi Annan, babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya na lokacin, kuma ya ce yaƙin ya saɓa wa kundin Majalisar. Kwana shida kacal bayan rasuwarsa hotunan gidan yarin Abu Ghraib suka fito duniya ta gani. A wata guda, cikin rigar soja ta ƙasa guda, an samu wanda ya kwanta a kan gurneti domin wasu su rayu, an kuma samu masu wulaƙanta fursunoni suna murmushi. Wanda ya ce duk ɗaya ne bai yi adalci ba, haka ma wanda ya ɗauko na farkon domin a manta da na biyun.

Sojojin Amurka kusan 4,500 ne suka mutu a Iraƙi, kuma kowannensu an san sunansa da garinsu da ranar da ya faɗi. Ina ganin wannan ɗabi'a ce mai kyau, duk da cewa a lokacin gwamnatinsu ta hana 'yan jarida ɗaukar hoton akwatunan gawa da ake saukewa a sansanin Dover, dokar da ba a ɗage ba sai a 2009. Fararen hular Iraƙi da suka mutu kuwa, ko a ƙididdiga mafi taƙaitawa sun haura 100,000, kuma yawancinsu a matsayin adadi kawai suka shiga labarai. Shi kansa mutumin da ya saki gurnetin, wanda aka harbe a wurin bayan ya tashi zai gudu, takardar yabon da aka karanta a fadar White House ba ta kira shi da komai ba sai ɗan tawaye. Shi ma wata ce ta haife shi, kuma a ƙasarsu aka same shi.

A 2010 rundunar ruwan Amurka ta ƙaddamar da wani katafaren jirgin yaƙi mai ɗauke da sunan Jason Dunham, aka kuma adana wani guntun hular nan a jikin turken jirgin. Yankin Al-Ƙa'im, inda Karabila take, ya faɗa hannun mayaƙan ISIS a 2014, shekara goma bayan jininsa ya zuba a kan titinsa, kuma sai a watan Nuwamban 2017 sojojin Iraƙi suka ƙwato shi, bayan an sake yin wani yaƙin a kan waɗancan tituna.