Sauya jami'a ba butulci ba ne

Masoya ƙwallon kwando na jami'o'in Amurka kan ce ɗan wasan da ya tafi bayan kocinsa ya tafi butulu ne. Ban yarda ba. Yaro yakan zaɓi jami'a ne saboda kocin da ya je har gidansu ya yi wa iyayensa alkawari. Da koci John Calipari ya bar jami'ar Kentucky ya koma ta Arkansas a Afrilun 2024, bayan shekara 15, 'yan wasansa D.J. Wagner da Adou Thiero suka bi shi, sai da Mark Pope, kocin da ya gaje shi a Kentucky, ya haɗa sabuwar ƙungiya. Koci kuwa yana tafiyarsa duk sanda ya so. Tun 2021 hukumar NCAA, mai kula da wasannin jami'o'in Amurka, ta ba 'yan wasa damar sauya jami'a ba tare da sun yi zaman shekara guda babu wasa ba, kuma haƙƙinsu ne.