Wa Ya Gaya Wa Hedimasta?

Wallahi bidiyon nan da ake yaɗawa, na hedimastan wata makarantar ƙauye da mai duba makarantu yake yi wa tsawa, ya ɓata mini rai, kuma masu yaɗa shi suna dariya sun fi ba ni haushi a kan wanda ya ɗauka. Dattijo da furfurarsa, ya kusa ritaya, a tsayar da shi gaban 'yan aji huɗu ana daka masa tsawa, yana ta "yallaɓai, yallaɓai" hannu a baya. Laifinsa me? Wai bai san an sauya manhaja ba, wai jadawalin bara ne manne a bangon ofishinsa, wai an tarar da malaminsa yana koyar da lissafi da Hausa. To ni tambaya ɗaya gare ni, kuma ita zan yi ta nanatawa har ku gaji da ni: wa ya gaya masa?

Ku amsa mini. Takarda aka rubuta masa? Wa ya kai? Taro aka kira shi aka yi masa bayani? Yaushe? Mai tsawar nan da ya taso daga birni cikin mota mai sanyi, ya zo da kwafin sabuwar manhajar a hannunsa ya miƙa masa? Ni dai a bidiyon ban ga an miƙa komai ba sai yatsa.

Mu da muke zaune a ƙauyukan ƙasar Gumel da Haɗeja mun san yadda labarin aiki yake isowa makaranta. A Abuja ake yanke magana, a faɗa wa 'yan jarida da Turanci. Takarda ta sauka Dutse, daga nan ta gangaro ofishin ilimi na ƙaramar hukuma, wani ya ɗauki hotonta a karkace ya jefa a zauren WhatsApp na shugabannin makarantu. Kafin la'asar sanarwar rasuwa da katin ɗaurin aure da gardamar siyasa sun binne ta. Shi kuwa hedimastan da ake magana dominsa, garinsu sai an hau tudu ake samun sabis, caji sai an ba mai janareta kuɗi, data kuma daga albashinsa za ta fita. Wani ma 'yar ƙaramar waya mai tocila ce a aljihunsa. Sai ranar kasuwa ya haɗu da takwaransa na wani gari a wajen mai shayi, a nan zai ji cewa "an ce an canza abu kaza". Da wannan "an ce" ɗin ake so mutum ya tafiyar da makarantar gwamnati. Sannan a zo a wulaƙanta shi gaban yaran da yake hora.

Ku duba irin abin da ake so ya bi sawunsa. A watan Nuwamban 2022, zamanin Malam Adamu Adamu yana ministan ilimi, gwamnatin tarayya ta amince a koyar da 'yan firamare da harshen uwa har shekara shida. A Oktoban 2024 ministan lokacin, Farfesa Tahir Mamman, ya sanar da sana'o'i 15 da za a shigar cikin karatun yara. Watan bai ƙare ba aka sauke shi. A 2025 aka sake fito da wata manhajar, aka rage yawan darussa, sana'o'in suka koma shida, irin su haɗa sola da gyaran waya da ɗinki da kiwo, aka kuma wajabta tarihin Najeriya. Sai ga Nuwamban 2025, minista Tunji Alausa ya ce an soke batun harshen uwa, a koma Turanci. Duk wannan cikin shekara uku. Ɗan jaridar da aikinsa kenan sai ya nutsu kafin ya jera su daidai, balle mutumin da yake kwana tunanin yadda zai samo alli. Malamin da aka kama yana lissafi da Hausa, umarnin da ya ji na ƙarshe yake bi, kuma shi ne yaren da yaran suke ganewa. Wa ya gaya masa an janye?

Na ga masu cewa ai akwai rediyo, ai ko BBC Hausa da Freedom sun faɗa. Don Allah ku bar wannan magana. Rediyo za ta ce maka an sauya, ba za ta ce maka ga abin da za ka rubuta a allo ranar Litinin ba, ga darasin da ya fita, ga wanda ya shigo, ga littafin da za a yi amfani da shi. Wane ma'aikacin banki ne ake cewa ya saurari labaran ƙarfe shida don ya san ƙa'idar aikinsa?

Ku zo ma mu yi maganar yadda ake zama hedimasta a wajenmu. Malami yana ajinsa, sai takardar canjin wajen aiki ta same shi, an ba shi makarantar gari kaza. Shi kenan. A kwalejin ilimi ta Gumel ko ta Bichi koyarwa ya koyo, NCE ɗinsa na Hausa da Islamiyya ne ko na lissafi. Babu wanda ya zaunar da shi ya nuna masa yadda ake shiga ajin wani malami a saurari darasinsa a gyara masa ba tare da an yi faɗa ba. Babu wanda ya koya masa yadda zai yi da malamin da ya girme shi, ko wanda yayansa kansila ne. Ranar da ya karɓi makulli ya zama shi ne akawu, shi ne mai gadi, shi ne alƙali in iyaye sun zo da ƙorafi, shi ne mai bin gida gida yana roƙon a sako yara, shi ne mai zuwa gaishe da dagaci don a hana shanu kwana a filin makaranta. In iskar bazara ta yaye kwano shi za a tambaya. In ruwa ya ci gari, kamar yadda ya yi wa Auyo da Kafin Hausa da Ringim a 2022, ajujuwansa ne masaukin waɗanda suka rasa gida, in sun tashi shi zai ƙirga bencin da ya rage. Ga shi yana da nasa ajin, don makarantar da take da aji shida da malamai uku ba ta da hedimastan da zai zauna a ofis. An ba mutum gona ba a ba shi fartanya ba, kaka ta yi an zo ana tambayarsa dami nawa. Wa ya koya masa?

Za a ce ai ana yin bita. Ana yi, mun sani, muna ganin hotuna. Fuskokin da ke hoton bara su ne a na bana. Duk inda aka ce akwai kuɗin zama da na mota, sunayen da za su shiga an san su tun kafin a buga takardar gayyata, kuma yawanci na makarantun bakin titi ne da na cikin gari. In an tuna da na ƙauye, sai a kira mutum ɗaya ya yi kwana biyu a ɗakin taro ana haska masa rubutun Turanci a bango, a ce ya koma ya koya wa sauran. Ya dawo da jaka da biro. Babu mai biyo shi bayan wata guda ya ga ko abin ya zauna, ko ya tambaye shi ina ya maƙale.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne mun taɓa ganin yadda ake yi daidai, a nan jihar Jigawa. Daga 2008 zuwa 2017 an yi shirin inganta ilimi na ESSPIN da tallafin gwamnatin Birtaniya a jihohi shida, Jigawa da Kano suna ciki. Duk malamin da ya yi aiki a lokacin zai ba ka labarin jami'an tallafa wa makarantu, waɗanda ake kira SSO. Mutum ne yake zuwa a kan babur ya zauna a bayan aji, in an tashi ya zauna da hedimasta su duba abin da ya gani. An koya wa shugabannin makarantu rubuta tsarin ciyar da makaranta gaba tare da kwamitin SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makaranta, an koya musu duba darasi. Ban ce komai ya gyaru ba. Amma hedimasta ya san akwai wanda zai zo, kuma in ya zo taimako ya kawo. An kuma yi shirin horar da malamai na TDP, sannan aka kawo shirin inganta karatun yara na PLANE a Jigawa da Kano da Kaduna. Ilimin yadda ake tallafar shugaban makaranta yana nan a ƙasa, mutanen da aka horar da yawansu suna raye. Me ya sa sai Bature ya sa kuɗinsa muke tuna cewa hedimasta yana buƙatar mai dafa masa? In shirin ya ƙare, man babur ya ƙare, sai a koma aiko masu tsawa.

Kada kowa ya ce mini babu kuɗi. Dokar UBE ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don ilimin matakin farko, kuma a ciki akwai kason horar da malamai. Ga NTI, cibiyar horar da malamai ta ƙasa, a Kaduna tun 1976, aikinta kenan. Abin da nake magana a kai ma ba ya cin wani kuɗin kirki. Takarda shafi ɗaya, da Hausa, mai cewa ga abin da ya sauya ga abin da za ka yi, a buga a raba wa kowane shugaban makaranta hannu da hannu ya sa hannu ya karɓa. Nawa ne wannan? Kuɗin man tawagar da ta je ta ci mutuncin dattijon nan ya isa a buga wa ƙaramar hukumar gaba ɗaya. Rabin awa a Rediyon Jigawa duk mako, a kawo wanda ya san manhajar ya yi bayani, hedimastoci su bugo waya su yi tambaya. Makarantu biyar ko shida da ke kusa da juna shugabanninsu su riƙa haɗuwa sau ɗaya a wata, a ba su kuɗin mai. Ga tsofaffin hedimastoci zaune a ƙofar gida, mutanen da suka shekara talatin suna wannan aiki, babu mai zuwa ya ce Baba zo ka nuna wa wannan sabon yadda ake yi.

Akwai kuma masu cewa ai wasu hedimastocin malalata ne, sai ƙarfe goma suke zuwa. Akwai su, ni ma na san su. A hukunta su a ofis, bisa ƙa'ida, bayan an ba su takardar gargaɗi. Amma dattijon nan a makaranta aka same shi. Da sassafe aka same shi, yara suna cikin aji. Malalaci ba ya nan balle a ɗauke shi a bidiyo.

Ina roƙon masu ofis su tsaya su yi tunani a kan abin da suka rushe a ranar. Ƙarfin hedimasta a ƙauye mutuncinsa ne kawai. Ba shi yake biyan albashi ba, ba shi da ikon korar kowa, ba shi da ko sisin da zai ba malami. Da kunyarsa da ake ji yake sa malami ya shiga aji, da ita yake sa uba ya bar 'yarsa ta gama aji shida. Gwamna Umar Namadi ya mayar da malaman wucin gadi na shirin J-Teach 3,000 ma'aikatan dindindin, kuma kowa ya ji daɗi. Yaran nan sabbin jini ne, suna da takarda, amma riƙe aji mai cike da yara a ƙasa sai an koya maka. Wanda zai koya musu shi ne wannan mutumin. Yanzu da wane ido matashin malami zai kalle shi bayan ya gan shi yana rawar murya gaban 'yan shekara tara? Dokar 2022 ta ba malamai damar kaiwa shekara 65 ko shekara 40 a bakin aiki, don a ci moriyar ƙwarewarsu. Wace ƙwarewa za a mora daga mutumin da aka karya wa zuciya? Na san malamai nagari da aka yi wa tayin shugabancin makaranta suka ce a bar su a ajinsu, kuma bayan wannan bidiyon ban ga laifinsu ba.

Baba hedimasta, in wani ya karanta maka wannan, ka yi haƙuri. Mun san ba a gaya maka ba. Allah ya saka maka da alheri a kan yaran mutane da ka yi wa tarbiyya.

Masu bidiyon a wayoyinsu kuma, ku ji tsoron Allah ku goge. Mutumin nan yana da 'ya'ya da surukai.

Af, tunda an taɓo maganar zuwa duba makarantu, akwai abin da na daɗe ina so in tambaya. Wa yake tsara kalandar karatu ne, kuma ya taɓa zuwa ƙasar Maigatari ko Gagarawa a watan Oktoba da Nuwamba? Lokacin yankan riɗi da ɓarar zoɓo ajujuwa rabi suke zama, 'yan mata musamman, don a nan suke samun na sabulu da na kayan sallah. Ranar Alhamis kuwa, kasuwar Maigatari ta kwashe sauran. Iyayen ba za su daina ba, abincinsu ne. Me zai hana a bar kowane yanki ya matsa hutunsa ya dace da kaka, ko a riƙa tashi da wuri a waɗannan makonni a rama a wani lokaci? Makarantun allo tun kaka da kakanni sun san lokacin da ake sakin almajirai su je gona. Wanda yake da masaniya ko doka ta hana jiha yin haka, ya faɗa mini, ina son sani.