Raba Faɗan Yara Daban, Rama wa Ɗanka Daban

Akwai maganar da na daɗe ina son mu yi da iyaye, musamman mu mazauna unguwannin da ƙofar gida ke kallon ƙofar gida. Duk babban da ya ɗaga hannu ya doki ɗan wani don ya rama wa nasa, laifi ya aikata a gaban doka, ko da ɗan nasa aka zalunta. Mutane da yawa ba sa sanin haka sai ranar da suka tsinci kansu a bayan kanta.

Kowa ya san yadda abin ke farawa. Yara sun taso daga Islamiyya, an kafa ƙwallo a lungu, gardama ta tashi a kan ci ne ko ba ci ba ne. Sai ga yaro ya faɗo gida da kuka, leɓe a fashe, aljihun riga a yage. Uwa ba ta tsaya jin ba'asi ba, ta zari mayafi, muciyar da take tuƙa tuwo tana hannunta, "Wuce ka nuna min shi!" Ta sami yaron, ɗan shekara tara ko goma, ta shaƙe masa wuyan riga ta kwaɗa masa mari, ko ta riƙe masa hannuwa ta baya ta ce wa nata, "Rama!" Maza ma ba a bar su a baya ba, nasu ya fi muni don hannunsu ya fi nauyi, kuma sukan zo da wayar wuta ko bel.

To ga abin da doka ta ce. Dokar Penal Code ta Arewa, wadda aka yi a 1959 ta fara aiki a 1960, ita ce tushen dokokin laifuka na jihohinmu, ko da wasu irin Kaduna sun sabunta tasu a 2017. Sashe na 55 ya lissafa waɗanda aka yarje wa yi wa yaro horo: uba ko uwa ko mariƙi a kan ɗansu, malamin makaranta a kan ɗalibin da aka damƙa masa, ubangida a kan yaron da ke koyon sana'a a hannunsa. Su ɗin ma da sharaɗin kada horon ya kai ga mummunan rauni. Ka karanta sashen daga farko har ƙarshe, babu maƙwabci a ciki. Babu yayan wanda aka doka, babu kawunsa. Marin da ka yi wa ɗan maƙwabcinka hukuncinsa ɗaya da marin da za ka yi wa baƙo a kasuwa, kuma jin ciwo da gangan na iya jawo ɗaurin da ya kai shekara 1.

Wannan idan abin ya zo da sauƙi ke nan. Sashe na 241 ya fayyace abin da ake kira mummunan rauni, kuma ina roƙon iyaye su tsaya a nan su yi tunani: karaya ko gocewar ƙashi, karyewa ko fitar haƙori, rasa gani a ido, rasa ji a kunne, tabon da ya ɓata fuska har abada, ko ciwon da ya kwantar da mutum kwana 20 bai iya harkokinsa ba. Ɗauri a nan na iya kaiwa shekara 7, idan kuma da makami mai haɗari ne har shekara 14. Tafin hannun ƙato idan ya sauka a kan kunnen yaro yana iya fasa dodon kunnen. Turewa ɗaya, yaro ya faɗa bakin kwata, haƙori ya fita ko ƙeya ta bugu da siminti. Ba ka yi niyya ba, na yarda, amma idan rai ya salwanta magana ta koma ta kisa, kuma wanda ya yi nufin jin ciwo kawai sai mutuwa ta biyo baya zai iya shan shekara 14. Wadda ta riƙe yaro ta ce a rama, ita ma ba ta tsira ba, don mai zugawa da mai taimakawa suna cikin laifin.

Kada wani ya ce ai wannan dokar Bature ce. A kotun shari'ar Musulunci lamarin ya fi tsauri. Aya ta 45 a Suratul Ma'ida ta ambaci ido da ido, haƙori da haƙori, raunuka kuma ƙisasi. Diyyar haƙori ɗaya raƙuma 5 ce, ta ido ɗaya rabin diyyar rai, wato raƙuma 50. Je ka kasuwar dabbobi ta Maigatari ka tambayi kuɗin raƙumi ɗaya ka lissafa. Shi kuwa yaron da ya fara dukan, an ɗauke masa alƙalami har ya balaga, malaman fiƙihu suna ɗaukar gangancinsa a matsayin kuskure. Penal Code ma a sashe na 50 ta ce ɗan ƙasa da shekara 7 ba ya laifi, daga 7 zuwa 12 kuwa sai an tabbatar hankalinsa ya kai ya san abin da yake yi. Kai ne baligi, kai ne mai hankali, kai za a tuhuma.

Na san abin da wasu za su ce: "Ɗa na kowa ne. Mu da muka taso, duk dattijon da ya gan ka kana rashin ji zai zane ka, ka je gida a ƙara maka." Gaskiya ne, kuma ina ganin darajar wannan tarbiyyar. Amma dattijon nan ba ramuwa yake yi ba. Idan ya tarar da yara biyu suna dambe, duka biyun yake tsawatar wa, da nasa da na wani, sau da yawa ma nasa ya fi shan faɗa. Wanda ya fito daga gida a fusace yana neman yaro ɗaya tilo, ya zaɓi ɓangare tun kafin ya ji abin da ya faru. Wannan ba tarbiyya ba ce, shiga faɗan ne.

Abin da ya fi damuna kuma shi ne ɗaya ɓangaren. Yanzu sai ka ga yara suna kokawa har jini, manya na wucewa, kowa na cewa ba ya son kes, wasu matasa ma waya suke ɗagawa suna ɗauka. Wannan kuskuren fahimta ne. Sashe na 60 ya ba kowa damar kare jikinsa da jikin wani, dokar kuma ta ce damar tana nan ko da mai kai harin yaro ne da ba a kama shi da laifi. Babbar iyakarta: kada ka wuce ƙarfin da ake buƙata. Ka shiga tsakani, ka riƙe hannun da ke ɗauke da dutse, ka janye na sama daga kan na ƙasa, ka ƙwace reza ko kwalba. Doka na bayanka a duk wannan. Da zarar sun rabu, damar ta ƙare. Ranƙwashin da ka ƙara daga baya "don gobe kada ya sake", naka ne, kai za ka amsa shi.

Idan da gaske an ji wa ɗanka ciwo, hakkinka bai faɗi ba. Kai shi asibiti ka karɓi takardar likita. Ka je wa uban yaron da sallama, ba da zage-zage ba. Idan ya ƙi ji akwai mai unguwa, akwai dagaci, akwai Hisbah, akwai kotu, kuma kuɗin magani da diyya duk ana iya nema. Amma ranar da ka rama da hannunka, ka tashi daga mai ƙara ka koma wanda ake ƙara, ga kuɗin beli da na lauya, ga gaba tsakanin gidaje biyu da yaran kansu sun manta da dalilinta tun washegari.

Sai dai mu faɗi gaskiya, mutane sun san ɗan wa suke duka. Ɗan mai kuɗi ko ɗan ɗan sanda, ana haɗiye fushi a je a kai ƙara cikin ladabi. Wanda ake lakaɗa wa duka ba tsoro shi ne almajiri, da yarinya mai tallar gyaɗa, da marayan da ke hannun kaka. Ana dukan su ne don an tabbatar babu wanda zai taka zuwa caji ofis saboda su. Dokar Kare Hakkin Yara ta ƙasa tun 2003 take, Kano ma ta sa hannu a kan tata a 2023, kuma babu inda aka ware ɗan gata daga ɗan Malam. Ina kira ga masu unguwanni da limamai da alarammomi: idan aka doki yaro irin wannan a unguwarku, ku ne uwa ku ne uba. Ku kira wanda ya yi dukan, ku sa ya biya magani, idan ya ƙi ku raka yaron ofishin 'yan sanda da ƙafarku ku ba da shaida.