Rogon da ake so a zuba wa mota

Duk lokacin da fetur ya yi tsada sai a tono tsohuwar maganar etanol, wato man da ake tacewa daga amfanin gona. Yanzu Ma'aikatar Kasafi da Tsare-tsaren Tattalin Arziki ce ke tallata shirin noma rogo don a tace shi a gauraya da fetur. Mun ji irin wannan a 2007, lokacin da aka fitar da manufar gauraya kashi 10 cikin 100. Mun sake ji a 2017 da NNPC ta sa hannu kan yarjejeniyar samar da etanol da gwamnatin Kebbi. Har yau wa ya sha wannan man a gidan mai?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne rogon. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, magidanta da yawa garin kwaki ne ke rufa musu asiri. A ƙasar da ake wannan hali za a kafa masana'antar da za ta riƙa ribibin rogo da mai iyali a kasuwa? Masu cewa ai Najeriya ce kan gaba a noman rogo a duniya, su je su tambayi farashin mudu.

Ga kuma abin da ba wanda yake ci. A leƙa kasuwar 'Yan Lemo a Kano lokacin mangwaro da kankana, a ga tulin da ke ruɓewa, ƙuda na bi. A leƙa inda ake fere rogo, ɓawo jibge. Duk akwai sukari ko sitaci a ciki. Sitacin a farfasa shi ya koma sukari, a saka yis ko ƙwayar bakteriya irin Zymomonas mobilis, wadda ake samu ko a cikin bammi, ta cinye sukarin ta fitar da etanol, sannan a tace. Ba sihiri ba ne, ɗaliban jami'o'inmu sun sha gwadawa, takardunsu na shan ƙura.

Za a ce kwashe shara da wuya, ruwa ya yi mata yawa, kuɗin mota zai cinye ribar. To a kafa ƙananan matatu a bakin kasuwannin mana! Matsalar ita ce ƙaramar matata ba ta da kwangilar biliyoyi, ba ta da hekta dubbai da za a karɓe wa manoma. Kafin a ware ko gona ɗaya, a gwada kasuwa ɗaya na shekara guda, a faɗa mana lita nawa ta bayar.