Manyan masana, tiyar hatsi da gawon gonar kakanmu

Ran nan da la'asar muna fada ana jiran shayi na biyu, sai ɗan yayata da ke karatu a jami'ar Dan Dikko Dankulodo ya miƙo mini wayarsa. Hoton wani tsohon Bature ne da furfura a hargitse, an rubuta wata magana da Faransanci a ƙasan hoton, irin dai waɗanda ake yawo da su a WhatsApp. Ya ce "Kawu ka ga masu kai, mu nan Maraɗi in ban da lissafin buhu da canjin naira me muka iya?" Na ce to karanta mini. Ya karanta. Na ce madalla, to me ka sani yanzu wanda ba ka sani ba da safe? Ya yi shiru yana sosa ƙeya, mai shayin ya ce "haba Malam, a bar yaro ya sha shayinsa."

Ban ga laifinsa ba, ni ma na yi wannan yayin. Amma wallahi mun maida manyan masana kamar laya, a rataya a wuya a yi ado, ba a buɗewa balle a ga abin da ke ciki. Ni a wurina tunanin da ya isa a kira shi tunani shi ne wanda in ka ji shi sai ka waiwaya ka kalli abin da kake wucewa kullum a hanyar kasuwa, ka ce au, ashe haka abin yake. Kuma abin mamaki, da yawa daga cikin ra'ayoyin da suka girgiza duniya in kana son ka auna su ba sai ka je Faransa ko Amurka ba, ga Maraɗi nan.

Ɗauki Amartiya Sen, masanin tattalin arziki ɗan Indiya da ya ci kyautar Nobel a 1998. Yana yaro ɗan shekara tara ya ga yunwar Bangal ta 1943 da idonsa, wadda ta kashe mutum tsakanin miliyan 2 zuwa 3. Da ya girma ya koma ya bi lissafin, sai ya ga abincin da ke yankin a wannan shekarar bai gaza na 1941 ba, shekarar da ba a yi yunwa ba. To me ya kashe mutane? Farashi ne ya tashi saboda yaƙin duniya, ladan aikin talaka kuma ya tsaya inda yake, sai 'yan ƙwadago da masunta da wanzamai suka riƙa mutuwa shinkafa na jibge a sito. A littafinsa na 1981 ya ce tambayar da ake yi kullum, wai akwai abinci a ƙasa ko babu, rabin tambaya ce. Sauran rabin, wa ke da abin da zai kai hannunsa ga abincin.

Duk wanda ya yi wayo a 2005 a garin nan ba sai an yi masa dogon bayani ba. Eh an yi fari, fara kuma ta yi ɓarna a daminar 2004, amma kasuwa ba ta taɓa rasa hatsi ba, ni da kaina na ga buhuna a jere har rufi, kuma a daidai wannan lokacin ne mata ke layi da yara a goye a ƙofar cibiyoyin likitocin agaji, yara dubun dubata aka kwantar a shekarar, kuma mafi yawa daga nan jihar da ake kira rumbun ƙasa. Manomi ya sayar da hatsinsa da kaka da araha don ya biya bashi ya yi biki, damina ta faɗi ya dawo yana sayen tiya ɗaya da kuɗin da ya sayar da biyu ko uku. Makiyayi kuma ya kawo akuya ta rame, kuɗinta ba ya kai inda yake kaiwa da. Tsofaffinmu ma ai sun riga sun faɗa da bakinsu, yunwar 1984 ba su sa mata sunan fari ba, El-Buhari suka sa mata, saboda rufe iyakar Najeriya da aka yi a lokacin, wadda ta toshe hanyar da abinci ke shigowa da wadda ɗan cin rani ke bi ya samo na sayensa.

Akwai kuma ɓangaren da ba mu cika son a taɓo ba. Sen ya bi maganar har cikin gida, wa ke fara ci, wa ke cin saura. A ƙauyukanmu an san maigidan da zai kulle rumbu ya tafi cin rani da makulli a aljihu, ya bar mace ta yi ta fama da tafasa da ganyen zogale har ya dawo. Gidan yana da hatsi a lissafin hukuma, yaran gidan kuma suna kwana da yunwa.

Amma fa ban ce a haɗiye maganar Sen duka ba. Ya ce ba a yin babbar yunwa a ƙasar da ke da zaɓe da 'yancin jarida, don masu mulki na tsoron abin kunya. To a 2005 zaɓaɓɓiyar gwamnati gare mu, gidajen rediyo masu zaman kansu na aiki, kuma hukumomin lokacin sai da suka daɗe suna musu wai ba yunwa ba ce. Wataƙila zai ce abin bai kai girman na Bangal ba, gaskiya ne, amma uwar da ta binne ɗa ba ruwanta da wannan ma'aunin. Irin wannan musun ne nake so in ji a fada, ba wai "Farfesa ya ce" a rufe magana ba.

Sai maganar itace, wadda ita ce ta fi ba ni haushi in na ji yaro ya ce ba mu da komai. A farkon shekarun 1980 an kashe kuɗi masu yawa ana renon dashe a leda, a kai ƙauye a dasa, rani ya zo akuya da gara da iska su gama da su. Wani ma'aikacin gona ɗan Ostireliya, Toni Rinodo, yana cikin masu wannan wahala a nan Maraɗi. A 1983 ya tsaya a hanya zai rage iskar taya saboda rairayi, sai idonsa ya kai ga wani ɗan tsiro irin wanda ake sarewa duk shekara wajen sassabe. Ya matsa ya duba ganyen, ashe icce ne, kututturen tsohon icce da saiwarsa ke raye a ƙarƙashin ƙasa, kowace shekara yana tohowa muna sare shi. Dajin da ake cewa ya ƙare yana nan kwance a ƙarƙashin gona. Aikin kawai shi ne ka zaɓi kututture, ka bar rassa uku zuwa biyar masu ƙarfi, ka yanke sauran da adda mai kaifi daga ƙasa zuwa sama don kar ɓawon ya yage, ka tsare shi daga dabba. Shi ne sassaben zamani. Bayan shekara ashirin da wani abu masu bincike, cikinsu har da ɗan ƙasarmu Mahaman Larwanu, suka haɗa hotunan tauraron ɗan Adam da abin da suka ƙirga a ƙasa, suka ce hekta miliyan 5 ta farfaɗo a yankin Maraɗi da Damagaram, itatuwa kusan miliyan 200. A 2018 aka ba Rinodo wata babbar kyauta ta ƙasar Suwidin tare da Yakuba Sawadogo, manomin Burkina Faso mai ramukan zai, wato ƙananan ramukan shuka masu tara ruwa da taki.

In an zo nan sai ka ji wasu sun ce ai dama kakanninmu sun sani, Bature ne ya zo ya ci suna. Akwai ƙamshin gaskiya, don manomi ya daɗe da sanin gawo na zubar da ganye da damina ya bar hatsi ya sha rana, da rani kuma ya yi kore ya ba dabba 'ya'ya, hatsin gindinsa ma ya fi na ko'ina. Amma mu faɗi ta ɗaya ɓangaren. A lokacin manomin kirki shi ne mai gona fes ba ko tsinke, wanda ya bar sabara da kalgo suka tashi a gonarsa dariya ake masa, a ce ragon manomi. Waɗanda suka fara sassaben zamani da yawa don hatsin agaji suka yi, da aka daina rabo mafi yawansu suka koma suka sare. 'Yan tsirarun da suka daure wa gori su ne suka jawo sauran, da aka ga suna da itacen girki da na sayarwa.

Kuma ba jahilci ne ya sa mutane ƙin icce ba. Tun dokar daji ta Turawan Faransa ta 1935 icce na hukuma ne, ko a tsakiyar gonarka yake in ka sare reshe ma'aikacin gandun daji zai iya cin ka tara, to wane mai hankali ne zai reni abin da zai jawo masa tara? Gara ka tuge shi tun yana ƙarami. Da aka sassauta, mutum ya tabbata iccen da ya rena nasa ne, sai ga daji ya dawo.

Wannan kuwa shi ne aikin rayuwar Elino Ostrom, 'yar Amurka, mace ta farko da ta ci Nobel ta tattalin arziki a 2009. Kafin ita, ra'ayin da ya yi kaka-gida shi ne na Garet Hardin na 1968, wai duk abin da jama'a suka yi tarayya a kai, makiyaya ce ko rijiya ko tafki, ƙarshensa lalacewa, don kowa zai ɗiba ya bar wa wani gyara, sai dai gwamnati ta karɓe ko a sayar wa mutum ɗaya. Ita sai ta ce a je a gani tukuna. Ta tattara labarin makiyayan tsaunukan Suwizalan da manoman rani na Sifen da Nefal da masuntan Turkiyya, wasu sun yi ɗaruruwan shekaru suna raba abu ɗaya bai ƙare ba. Abin da ta gani a wurinsu, an san iyaka an san masu haƙƙi, masu amfani da abin su ke sa doka, mai tsaro daga cikinsu yake, horo kuma hawa-hawa ne, na farko jan kunne, kuma akwai inda za a kai ƙara ba tare da an sayar da tunkiya ba. Wanda ya san yadda kwamitocin ƙauye irin na Dan Saga a yankin Agye ke tsaron itatuwansu, da manoma da mata da makiyaya a ciki, zai ce ai wannan matar kamar a can ta kwana. Wanda kuma ya tuna mummunan rikicin manoma da makiyaya da ya faru a ƙauyen Toda a 1991 ya san kuɗin da ake biya in burtali da gona suka rasa mai raba su.

Ban ma kai ga Abdu Mumuni ba, haifaffen Tasawa a 1929, masanin kimiyyar fiziks da ya shugabanci ofishin makamashin rana na ƙasa tun 1969, yana ƙera na'urar dafa ruwa da ta girki da hasken rana, kuma tun 1964 ya rubuta cewa a koyar da yaran Afirka da harsunansu. Sunansa na kan jami'ar Yamai, mu kuma in aka ɗauke wuta a watan Afrilu sai mu fito da tabarma waje muna fifita ƙarƙashin ranar da ya ce a mora. Haka magina, mun guji laka mun rungumi siminti da kwano muna gasuwa, alhali masallacin laka na Yama da Falke Barmu ya gina ya ci kyautar Aga Khan tun 1986, Faransis Kere na Burkina kuma da makarantar bulon laka ya fara har ya kai ga babbar kyautar gine-gine ta duniya a 2022.

Da hutu ya zo na ce wa ɗan yayar nan tawa ya je ƙauye ya kwana biyu wurin kakansa, ya bi shi gona ya yi ta tambaya. Ya dawo da ƙura har gira. Na ce ya ka gani? Ya ce "Kawu, tsoho ya san kowane gawo da shekarar da ya bar shi, amma rigima ake yi a garin." Wai an kama wani yaro da dare yana sassare rassa zai kawo birni ya sayar, kuma yaron ɗan ɗaya daga cikin 'yan kwamitin tsaron ne. Wasu sun ce a kai shi gaban hukuma, wasu sun ce laifin farko ne, ya maido da itacen ya biya jikka biyu a gaban jama'a, uban kuma ya ce duk abin da aka yanke wa ɗan wani a yanke wa nasa. Har yaron namu ya taho ba a gama ba, an ɗage sai bayan sallar Juma'a, kuma ya ce in na ba shi kuɗin mota zai koma ya ji yadda za ta kaya.